Baki da Baƙi

Zuwa ga 'Yar Tawada,

Tun ina saurayi a maɗaba'a na taɓa jin wata magana daga bakin wani dattijo mai zana allunan shaguna. Wai mutum in ya iya karatu ya shiga hannu ke nan, har ya mutu ba zai ƙara kallon rubutu bai karanta ba, ko da ya rantse. Na yi dariya ranar. Na ce masa ido nawa ne, in na ga dama in karanta, in ban ga dama ba in kalli rubutu yadda nake kallon tabon bango. Ya ce to, ya ci gaba da wanke burushinsa. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Kin ga aikin tsufa, na shigo da labari na bar gaisuwa a bakin ƙofa. Sallama gare ki. Ya karatun jinya, ya tsayuwar asibiti? Mu nan sai godiya. Hannun daman da hawan jini ya taɓa ya dawo har yana riƙe alƙalami, ga shaida a gabanki. In kin ga layi ya gangara, ba takardar ce ta karkace ba. Uwarki ma garau take, kullum tana kan keken ɗinkinta tana yi mini faɗan gishiri.

Kin ce in riƙa kira. Kin san kunnen nan nawa, ke ki ce magani ni in ji makani. Saboda haka zan rubuta da hannu, mai kemis ta bakin layi ta ɗauki hoton takardar ta tura miki.

Wayar da kika aiko ta iso, da wasan da kika ce likita ya ce zai motsa mini ƙwaƙwalwa. Allah ya yi miki albarka. Amma ki faɗa mini gaskiya, wanda ya ƙirƙiro shi yana da wata ƙullalliya da ni ne? A rubuta “ja” da koren launi, a ce in danna kore kafin wani ɗan layi ya ƙare. A rubuta “shuɗi” da rawaya, a ce in manta da abin da aka rubuta. Ni! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar kuskure a cikin rubutun mutane. Ido ya ce kore, kai ya ce ja, kafin su gama shari'a yatsa ya riga ya danna ja, wayar ta yi mini wata ƙara irin ta raini. Nan na tuna da mai zanen allo, amma ban sallama ba tukuna. Na ce rashin sabo ne.

Kuma akwai kuskure a cikinsa. Sun rubuta “baki” a wurin “baƙi”, ba ƙugiya a kan harafin. Abin ya tsaya mini a rai har na zana wa Yaya, uwarki, su biyun a bayan kwalin magani. Na ce mata ga mai ƙugiya, launin gawayi ke nan, ga marar ƙugiya, wanda kike yi mini faɗa da shi ke nan. Ta duba ta ce ita duk sawun kaza take gani.

To ga inda abin kunyar yake. Jiya ta ajiye almakashi ta ce in miƙo abin da yake ta sa ni tsaki. Na nuna mata sau ɗaya. 'Yar Tawada, uwarki da ba ta taɓa zama a aji ba ta kama dannawa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake, wayar tana ta yi mata tafi. Ta miƙo mini ta ce, “Wannan ne ya hana ka shan shayi? Ja ja ne, kore kore ne.” Na ce ai ba ki ga abin da aka rubuta ba. Ta ce, “Shi ya sa na fi ka.”

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Na ji daɗin ganin rubutun hannunka fiye da yadda zan iya faɗa. Na nuna wa abokiyar ɗakina, ta ce mai wannan rubutun bai yi kama da majinyaci ba. Na ce mata a baki ma bai yi kama ba.

Na yi dariya har da hawaye. Kawu, ba a yi wasan don kai kaɗai ba, kowa haka yake fama. Wanda ya saba da karatu, kalmar ce take riga launin isa kansa, sai ya yi kokawa da ita. Kokawar ita ce maganin. Don haka kada ka daina don Inna ta kayar da kai. Na haɗa wayarku da tawa, ina ganin makin kowa, ba zancen ka ce mini ka ci alhali ka faɗi.

Zancen ƙugiya kuwa, na san ba za ka ƙyale su ba.

Za a tura mu aikin gwaji wani ƙaramin asibiti a bayan gari, inda sai an hau tudu ake samun layin waya. Daga can sai jarrabawar ƙarshe. Wanda bai zauna mata ba sai ya maimaita shekara, kuma gurbin da aka ba ni ba zai jira ni ba. Ka sa ni a addu'a.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa mini ido a kan Inna. Ka tuna yadda ciwon Kaka ya fara, da ƙananan abubuwa, tana neman kalma tana rasawa, muna cewa gajiya ce. Inna ta kai shekarun da Kaka take a lokacin. In na kira ta ba ta wuce “lafiya lau”, ko da gidan yana ci da wuta. Kai ne idona.

'Yarka

*

Zuwa ga 'Yar Tawada,

Gaisuwa mai yawa, da fatan tudun naku bai cika tsawo ba. Shirunki ya yi yawa, amma mun san dalili. Jikina da sauƙi. Har na fara zagaya layi da yamma, ina karanta allunan shaguna ina jin haushin masu rubuta su.

Ina ba ki albishir, kawunki ya fara tashi. Na gano dabara: in na kanne ido ɗaya na kalli gefen kalmar, kamar yadda ake kallon maƙwabcin da ba a son tsayawa gaisawa da shi, sai launin ya riga ta isowa. Ba kullum take ci ba. Amma na lura hannuna ya rage rawa, kuma na daina tsayawa a tsakar ɗaki ina tambayar kaina me na zo ɗauka. Ko wasan ne, ko maganin likita ne, ko tsoron Yaya ne, Allah ya sani. Na dai gode.

Da safe haka muke zama a baranda, ni da waya, ita da ɗinkin hannu a gefena. Ba na iya yi shiru, sai ina faɗin kalmar da ƙarfi, “ja, a'a, kore!” Ita kuma tana leƙowa tana cewa, “Ka sake faɗi, malam.”

Tun da kin ce ni ne idonki, ga abin da ido ya gani. Zakarar gidan nan ta fara sanyi. Tafin da wayar take yi mata ya ragu, ƙarar rainin da na sani ta fara ziyartarta. Baƙi ne ya fi ba ta wahala. Sai ki ga ta tsaya cak, leɓe yana motsi, magana ba ta fita. In na yi mata tsiya sai ta ce in bar ta. Ta kuma koyi ɗaukar wayar ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Rannan na same ta a kicin tana riƙe da gwangwanin madara, tana kallonsa kamar yau ta fara ganin gwangwani, ruwan shayi yana ta ƙonewa a kan wuta.

Ni dai ina ganin kishin nasarata ne. Kada ki sa wa ranki komai.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fata kana lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Sai yau na samu hawa tudun, wasiƙarka ta shigo tare da makin Inna na duk kwanakin nan. Kawu, makin ba sanyi ya yi ba, gangarowa yake yi kullum. Sannan ka rubuta mini cewa baki ne ya fi ba ta wahala, leɓe yana motsi magana ba ta fita, ka kuma ce kada in sa wa raina komai? Kai da kanka da me naka ya fara? Ba da baki ba? Bakin ya karkace ne? Wane gefe? Tana iya haɗiye ruwa? Ga tsayawa kallon gwangwani, ga shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wannan Kaka ce sak.

Na kira ta, layin yana yankewa, abin da na ji kawai “lafiya lau”.

Don Allah ka kai Inna asibiti yau, kada ka jira gobe. Ni kuma na rubuta takardar neman ajiye karatu. Shugabar sashenmu ba ta nan sai farkon mako, da ta dawo zan miƙa mata in kamo hanya. Na san abin da zan rasa, kada ka tuna mini. Lokacin Kaka ina yarinya, ban iya komai ba sai kuka. Yanzu na iya wani abu, ba zan zauna ina jinyar iyayen wasu tawa uwar tana rasa bakinta ba.

Kada ka karanta wa Inna wannan sashen.

'Yarka

*

Zuwa ga 'Yar Tawada,

Kafin komai: kada ki miƙa takardar nan. Ninke ta ki sa a ƙarƙashin kofi. Bakin uwarki lafiyarsa ƙalau, yanzun nan ma ya gama aiki a kaina. Yanzu zauna in ba ki labari yadda ya kamata, da gaisuwarsa da komai. Muna lafiya, muna gaishe ki.

Da saƙonki ya shigo na rasa inda kika samo ciwon baki. Na ɗauko takardar da na rubuta, na je wurin mai kemis muka buɗe hoton da ta tura. Ni “baƙi” na rubuta, launin nan na cikin wasa. Amma hannun nan ya yi ƙugiyar 'yar mitsitsiya, ta kuma faɗa daidai kan ninkin takarda, hoto ya haɗiye ta. Ni da na yi shekara da shekaru ina mayar wa mutane ƙugiyoyinsu, tawa ce ta ɓace ta kusa fitar da ke daga makaranta. Mai kemis ta yi dariya har ta riƙe kanta.

Sai dai wannan bai warware zancen makin ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoronki ya kama ni. Na dawo gida ina kallon Yaya ta gefen ido, ina tuna uwarmu.

Ta ce, “Yarinyar ta rubuto?” Na ce e. Ta ce karanta. Na zauna, ta tsaya a bayana da tsumman goge hannu a kafaɗa. Na karanta gaisuwa, na ƙara mata gishiri, na tsallake tsakiya kamar yadda kika ce, na sauka a kan “'yarka”.

Ta ce, “Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan.

Sai na ga yatsa ya zo ta kan kafaɗata ya sauka a kan gilashin wayar. Ta ce, “Wannan fa? Wannan baki ne, ba ƙugiya. Ga shi nan kuma, ga wani. Ga Inna a kusa da shi. Bakin wa ake magana?”

'Yar Tawada, ban san lokacin da wayar ta zame mini a cinya ba. Na ce, “Yaya, wa ya gaya miki?” Ta ce, “Wa zai gaya mini? Ga shi a rubuce.”

Ashe duk safiyar da nake zaune ina ihun “ja, a'a, kore”, ita ba makina take leƙe ba. Tana jin abin da na faɗa, tana ganin sawun kazar da ya fito. Kalmomi shida ne suke ta zagayowa, tun tana gane su da sura kamar fuskokin maƙwabta, har ta lura wanda ya buɗe “rawaya” shi ne a cikin cikin “kore”, shi ne kuma a cikin “fari”. Ta ce daga nan abin ya zame mata kamar farke ɗinki, in ka samu bakin zaren sai ka yi ta ja. Kwalin maganin da na zana mata ƙugiya yana nan a cikin gwangwanin maɓallanta. Haruffan da babu a wasan kuwa, wurin mai kemis take zuwa da sunan sayen man zafi, ta tambayo ɗaya ta dawo da shi. Munafukar mai kemis, da ita aka ƙulla, ta bar ni ina ta zuba.

Na ce to me ya sa kike tsayawa in baƙi ya fito? Ta ce, “Kai ka ce mai ƙugiya ne launi. Su kuma sun rubuta baki. Sai in tsaya ina cewa bakin me, kafin in tuna launi ake tambaya layin ya ƙare.” Gwangwanin madarar kuma? Ta ce, “Ina cikin zuba ruwa na ga ‘madara’ ta fito daga jikinsa ta yi mini magana. Kai da a ce gwangwani ya yi maka magana, za ka tuna da shayi?”

Na tambaye ta dalilin ɓoyewa. Ta ce tsohuwa da jikokin maƙwabta suna kiranta kaka, a ji tana “ba, ba, ki, ki”? Sannan ta ce, “Kuma na gaji da karatunka. Kana gyara wa 'yata magana. Yarinyar da na haifa ba ta cewa ‘bayan haka’. Ina so in ji ta da kaina.” Dole na koma na karanta mata wasiƙarki duka, tana bin layin da yatsa don kada in yi mata sata. Da muka zo kan ajiye karatu ta zauna a kan hannun kujera.

Duk da haka na bi umarninki, mun je asibiti. Likita ya duba baki, ya duba ido, ya sa ta ɗaga hannuwa, ya tambaye ta ranar mako, ta tambaye shi ko shi bai sani ba ne. Ya ce bai ga abin tsoro ba, mu dawo awo yadda muka saba. Da na ba shi labarin makin sai ya ajiye alƙalami ya ce, “Baba, ai faɗuwar ita ce shaidar. Da ba ta ganin kalma, yanzu tana gani. Wanda ya iya karatu ba ya iya ƙin karantawa.” Na ce a raina, mai zanen allo ya samu ɗan boko mai tsaya masa.

Ga saƙonta a ƙasa, da hannunta. Da fari ta rubuta shi daidai. Sai ta karɓi alƙalamin ta bi kowane “k” ta ɗora masa ƙugiya. Na ce Yaya, kin ɓata. Ta ce guda ɗaya ta ɓace ta kusa jawo mata asara, gara su yi yawa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma ban taɓa ba. Ki cire su da kanki, kada ki sake karanta mana wani ciwon.

Baƙina lafiya. Ƙi zauna ƙi yi ƙaratu. Inna.

Kawunki

*

Inna,

Ni ce. Na yi kuka. Na yi dariya. Na yaga takarda. Ina nan. Zan yi karatu. Ki rubuto mini kullum.

Kawu,

Na sama na Inna ne, na yi shi gajere da gangan. Kada ka karanta mata, kada ka taya ta, ko ta kai yamma a kansa.

Ina gaishe ka, ina neman afuwar faɗan da na yi maka. Na buɗe hoton farko na ƙara girmansa har iyaka, ga ƙugiyar can a cikin ninki, kamar ƙafar sauro. Da na nutsu da na gan ta. Tsoro ne ya riga ido karantawa, irin na wasanku.

Saƙon Inna kuwa na bi shi yadda yake a rubuce: na ƙi tahowa. Ka gaida mini baƙin nata, Allah ya ƙara musu lafiya. Na sa hotonsa a fuskar wayata. Abokiyar ɗakina ta ce akwai kuskure a ciki, na ce ta nuna mini in ta isa.

Na aiko da wasa don in gyara kan mutum ɗaya, ban san makaranta na buɗe a baranda ba. Na gode, Kawu, da bakinka da ba ya iya shiru.

'Yarka

*

Zuwa ga 'Yar Tawada,

Sallama, da barka da fitowa daga jarrabawa. Mun ji saƙonki, Yaya ta sa na kira mai kemis da mai gyaran takalma da duk wanda ya gifta ta ƙofar gida ta faɗa musu. Sauran sakamako, muna addu'a. Jikina lau, nata ma haka.

Waccan gajeriyar wasiƙar da kika rubuto mata ta kai ta har bayan azahar. Na zauna a gefe na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Da ta zo kan “yaga” ta maƙale, ta harare ni don kada in yi magana, ta fita bakin layi ta dawo, ta ci gaba. Da ta gama ta ce, “Wannan ce muryarta.”

Yanzu a wasan kusan kunnen doki muke, duk mu biyun muna faɗuwa, wayar tana raina mu tare. Ta ce in rubuta wa masu shi su gyara baƙinsu. Na rubuta.

Jiya na raka ta sayen zare. Tafiyar da muke yi kafin shayi ya huce ta kai mu har rana ta take, don ba allon da ta ƙyale. Shagon aski, wurin cajin waya, bayan motar ruwa, har takardar da iska ta manna a jikin turken lantarki. A gaban shagon zaren ta tsaya ta dafe kai ta ce, “Ƙanena, ashe haka kuke fama? Da garin nan shiru yake. Yanzu kowane bango surutu yake yi mini, na ce wa idona ya daina ya ƙi. Wanda ya iya abin nan ya shiga hannu, ba shi da ranar fita.” Na ce kina so a mayar da ke yadda kike? Ta ce in rufe mata baki, marar ƙugiya.

To kin ji maganar da na ce ki riƙe. Mai zanen allo ya faɗa mini ina saurayi na yi masa dariya. Likita ya faɗa na ce boko ne. Yanzu na yarda, don wadda ta faɗa mini ita ta ƙarshe, tsaye a bakin titi da ƙullin zare a hannu tana karanta bayan motar ruwa, uwarki ce.

Kawunki